'Yan Gadin Shayin Malam

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan ba na wurin. Kuna cewa Mama ta kori Baffa Sule daga gidanta saboda ƙwari, sai ku kwashe da dariya, jikokina ma su taya ku alhali ba su san abin da ake wa dariyar ba. Ke Nafisa ba kya dariya, kau da kai kike yi, kuma na san dalili. Kai kuwa Abba, da kake yayanta, kai ne ma mai ƙara wa labarin gishiri, wai har da tsintsiya na bi shi. To yanzu da gwiwoyina suka zaunar da ni wuri guda, bari in faɗi yadda abin ya faru tun daga tushe, domin ni ce nake cikin ɗakin, ni ce kuma na tsaya a bakin ƙofar. Wanda ya ga dama ya ci gaba da dariyarsa bayan ya gama karantawa.

Babanku, wanda ni da kowa muke kira Malam, a tsaunin Mambila ya tashi. Mahaifinsa fatauci ne ya hau da shi can, ya zauna kusa da Gembu, ya yi 'yar gonar shayi yana sayar wa masana'anta ɗanyen ganye. Cikin layukan shayin nan Malam ya yi rarrafe, ya yi ƙuruciya, kuma bai taɓa daina zancensu ba. Da Allah ya kawo mu garin Greensboro na Amerika ya daɗe yana tuƙa motar 'yan makaranta, ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, har muka samu muka sayi ɗan gidan nan namu na unguwar Glenwood. Wata Asabar sai ga shi ya dawo daga wurin masu sayar da shuke-shuke, bayan mota cike da tukwanen roba, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Wai ashe shayi yana yi a ƙasar nan. Na ce masa mutane suna dasa tumatir da kuɓewa su ci, shi ya kwaso abin da kowane kanti ke sayar da kwalinsa. Ko jina bai yi ba, yana can yana gwada tazara da ƙafarsa. Layi biyu ya dasa a lambun baya, ɗaya a gindin bangon kicin, ɗaya can jikin shingen da ya raba mu da gidan hayar ɗalibai.

Sai da ya yi shekaru yana jira kafin ya fara tsinka. Toho da ganye biyu na saman kawai yake cira, ya baza a faifai su yi laushi, ya murza da tafin hannu, ya rufe su har su yi duhu, sannan ya busar a cikin tanda ina masa faɗan ya hana ni gashi. Abin da yake samu a shekara bai wuce 'yan kwalabe ba. Da azumi muke sha, da Sallah, da ranar da aka yi baƙon da yake ƙauna. Ba zan ce muku ya fi na kanti daɗi ba, ni ban iya ƙarya ba. Amma idan ya kai kofin bakinsa sai ya lumshe ido, ka san mutumin nan ba ya Amerika.

Shayi yana da maƙiyi, kuma Malam ya nuna min shi tun da wuri. Wani ɗan mitsitsin jan ƙwaro ne dangin gizo-gizo, ido ba ya ganinsa sai an ƙura. Yana tsotse ganye har korensa ya dushe ya koma launin ƙarfen da ya sha ruwa, shi ya sa Malam yake ce masa tsatsa. Yadda yake duba shi, sai ya tara farin faranti a ƙarƙashin reshe ya kaɗa, idan ka ga kamar an barbaɗa garin barkono kuma garin yana tafiya, to ya zo. Na tambaye shi me zai fesa, ya ce ba ya fesa komai, yana da ma'aikata. Ya kai ni ya nuna min ƙwarin nan masu zagayayyen baya kamar rabin wake, jajaye da ɗigon baƙi, waɗanda kuke kira ledibog. Ya nuna min wasu kuma baƙaƙe, ƙanana kamar kan allura, ya ce dangi ɗaya ne, kuma waɗannan ƙananan su ne suka fi cin tsatsar. 'Ya'yansu ma ya nuna min, munana masu kaushin baya, ya ce kada in kuskura in kashe, su ne suka fi kowa ci. 'Yan gadi yake kiransu gaba ɗaya. Saboda su ne ba ya share busasshen ganyen da ke taruwa a gindin shayin, domin a ciki suke fakewa da sanyi. Saboda su yake barin ganyayen ƙamshi su yi tsawo su yi fure har lambun ya zama kamar ba shi da mai shi. Idan sanyi ya kawo jiki kuwa, manyan sukan taru a bangon baya inda rana ke bugawa, su shige ɗan ɗakin katakon da yake ajiye kayan aiki, su cure a kusurwa har ɗumi ya dawo. Ƙofar ɗakin nan da gangan ya ƙi gyara tsagarta.

Baffanku Alhaji Sule, ƙanin Malam uwa ɗaya uba ɗaya, yana sayar da motoci a titin Gate City Boulevard, kuma Allah ya buɗa masa. Ku ba ku san yadda muke da shi ba kafin shekarar da abin ya faru. Abokin wasana ne, kamar yadda ƙanin miji yake ga kowace mace. Idan ya shigo tun daga waje yake kiran ina matarsa, ni kuma in ce masa mijin da ba ya cefane ba shi da tuwo. Ni na je nema masa aure tare da mata, ni na yi wa matarsa zaman jego. Shi mutum ne mai son tsaf-tsaf, yakan zaga ta unguwar Irving Park don kawai ya kalli ciyawar masu kuɗi da ake yi wa aski, ya dawo ya ce wa Malam lambunsa abin kunya ne. Malam sai ya yi murmushi ya zuba masa shayi. Shekara da shekaru haka suke, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi.

Malam ya rasu lokacin da ganyen itatuwa ke zuba, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kuna wurin. Abin da ba ku lura da shi ba, domin kuna fama da naku kukan, shi ne yadda gida yake fita daga hannun mace da zarar ta shiga takaba. Aka shimfiɗa min tabarma a ɗaki, aka lulluɓe ni, aka ce in yi ta tasbihi. Mata suka karɓe kicin, maza suka karɓe falo da waje. Kowa da kyakkyawar niyya, ban ce a'a ba. Hajiya Mariyama 'yar Maradi, aminiyata tun zuwanmu garin nan, ita ce a kaina dare da rana, Allah ya saka mata. Amma a kwanakin nan ba wanda ya tambaye ni komai. Ana tambayar Alhaji inda za a sa kujeru, ana tambayar Alhaji shinkafa buhu nawa, a gidan da ni na yi shekaru ina juya tsofaffin mutane a gado don a biya kuɗinsa.

Ana shirin sadakar bakwai, falo ba zai ɗauki jama'a ba, sai Alhaji ya ce a kafa rumfa a lambun baya. A daidai makon ne kuma rana ta ɗan yi ɗumi, 'yan gadi suka taru a bangon baya kamar yadda suka saba kowace shekara, har wasu suka shigo ta tagar kicin suna sauka a mayafan mata. Nan fa surutu ya tashi. Wata ta ce ƙazanta ce, wata ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙwari sun rufe bangon gidan mutuwa haka ba, a dai yi addu'a. Ka ji fa, mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin masallaci da motar yara, shi za a tsaya ana yi wa bangonsa fassara. Alhaji ya ji maganar ta yi masa ciwo, kuma na fahimci ciwon, ɗan'uwansa ne. Sai ya kira gayyar mazan unguwa da safe, ya kuma kira kamfanin feshi.

Ina zaune a kan tabarma na ji ƙarar injin hura ganye daga baya. Na ce wa Hajiya Mariyama ta je ta ce kada a taɓa gindin shayin, kada a buɗe ɗakin katako. Ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, in bar wa maza aikin waje, in yi ta salati. Na sake faɗa, ta kalli matar da ke gefenta, irin kallon nan na a bi ta a hankali, mutuwar ta taɓa ta. Sai na kira ki, Nafisa, na aike ki. Kin je kin dawo kina share hawaye, kika tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, it's just bugs, ƙwari ne kawai. Baffa ya ce kada ki damu, ya san abin da yake yi."

Ban ga laifinki ba, yarinya ce ke da babanki ya mutu. Amma na ce a kira min shi da kansa. Ya zo ya tsaya a bayan labule, ya yi min gaisuwa da muryar da ban san shi da ita ba, muryar shugaban gida. Na roƙe shi. Ku rubuta wannan a zuciyarku, roƙonsa na yi, ban ɗaga murya ba. Na ce ƙwarin nan Yayanka ne ya tara su da hannunsa, su ke tsare masa shayi, a kafa rumfar a gaba ko a ari zauren masallaci.

"Hajiya, Yaya ya tafi, mu da muka rage mu za mu kare masa mutunci," in ji shi. "Ba za a zo gidansa a tarar da juji ba. An ma riga an gama."

Da gaske an gama. Da la'asar da mutane suka ragu na leƙa ta tagar kicin. An kwashe ganyen gindin shayi tas har ƙasa tana sheƙi, an tuge ganyayen ƙamshin an cusa a baƙaƙen leda, an jera ledojin a bakin titi. Ɗakin katako a buɗe, an zuƙe kusurwoyinsa da injin shara. Bango a jiƙe, wani wari mai ɗaci yana tashi, a gindinsa kuwa ga 'yan gadi nan a zube kamar an watsar da jan wake. Ranar sadaka mutane suna ta yaba yadda wurin ya yi kyau, ana cewa Alhaji Sule ya yi ƙoƙari, Allah ya bar zumunci. Ina daga ɗaki ina jin su. Wallahi ranar da aka fita da gawar Malam ban ji irin wannan ɗacin ba, domin waccan Allah ne ya yi, wannan kuwa mutane ne suka yi ina faɗa musu kada su yi.

Jama'a suka watse, Abba ya koma wurin aikinsa, Nafisa ta koma makaranta, na rage ni kaɗai da watannin takaba. Lambun baya cikin gida yake, saboda haka kullum bayan hantsi nakan saka rigar sanyin Malam in zaga layukan nan biyu. Ba abin da na sani game da shayi sai abin da na gani yana yi. Na roƙi ɗaliban maƙwabta ta saman shinge su miƙo min busasshen ganyen da ke jibge a nasu filin, domin su tun da suka kama hayar ba su taɓa riƙe manjagara ba. Suka yi ta mamaki, suka cika min leda, na mayar gindin shayin. Amma gidan da aka mayar ba kowa a cikinsa.

Da sanyi ya fara janyewa sai na ga ganyen layin kicin ya dushe, ba ya ɗaukar ido kamar da. Na ɗauko farin farantin Malam na tara, na kaɗa reshe. Garin barkono ya zubo, yana tafiya. Na shafa yatsa, farantin ya yi jan zane. Na bi layin itace bayan itace, ko'ina haka, kuma na duba sama da ƙasan ganye ban ga ɗan gadi ko ɗaya ba, babba ko ƙarami. Maganin da aka fesa ya kashe masu gadi ya bar ɓarawon, domin ƙwansa yana nan manne a ganye yana jiran ɗumi. Na jawo tiyo na dinga wanke ganyen safe da yamma har yatsuna suna ƙagewa. Ina wanke wannan, wancan yana yin ja.

Ana haka Alhaji ya bugo waya yana tambayar lafiyata, sai yake faɗa min, kamar wani abin alheri, cewa ai ya shirya da kamfanin su dinga dawowa lokaci-lokaci, shi zai dinga biya, ba sai na damu ba. Na ce ya soke. Na faɗa masa abin da na gani a farantin. Sai ya yi dariya, irin dariyar da muke yi da, ya ce to ai ga shi na faɗa da bakina ƙwari suna cin shayin, maganin ƙwari kuwa feshi ne, wannan karon ma zai ce su fesa a kan itatuwan sosai. Na ce Alhaji ban yarda ba. Ya ce idan na fita takaba hankalina ya dawo za mu yi magana. Wai hankalina ya dawo. Ni da nake ƙirga wa tsofaffi ƙwayoyin maganinsu ban taɓa kuskure ba, ni ce ba ni da hankali saboda mijina ya mutu.

Takabata saura kaɗan ta ƙare suka zo. Ina kicin na hango farar motar kamfanin ta tsaya, bayanta motar Alhaji, shi da wasu dattawa biyu na masallaci da suka rako shi kawo min kayan abinci. Ma'aikacin ya sauko ya fara warware tiyonsa ya nufi 'yar ƙofar gefe da ke shiga lambu. Na san abin da ake faɗa a kan mai takaba, na san ba a son ta fita sai da lalura, ba a son a ji muryarta a waje. Na kuma san cewa idan tiyon nan ya shiga, layin jikin shinge da ya rage da ɗan korensa shi ma ya tafi. Ban tsaya neman takalmi ba. Na fita ta ƙofar gaba da zanen takaba da mayafina, na taka ciyawa mai sanyi, na je na tsaya a jikin ƙofar lambun na riƙe ta ta baya. Na yi wa ma'aikacin magana da Turanci, a natse. Na ce ni ce mai gidan nan, ban kira shi ba, kuma idan ya shigar da tiyon nan zan kira 'yan sanda. Bawan Allah ya ɗaga hannuwa sama, ya ba ni haƙuri, ya fara naɗe kayansa. Shi da ba ya jin Hausa, bai san Malam ba, bai san ni ba, shi ne mutum na farko tun rasuwar da na ce wa a'a ya ji.

Alhaji ya ƙaraso a fusace. Dattawan nan biyu sun sunkuyar da kai, ɗalibai sun fito baranda suna kallo.

"Hajiya, a kan ƙwari za ki fito titi cikin takabar Yayana? A kan ƙwari ake ambatar 'yan sanda a inda nake tsaye?"

"Alhaji, na roƙe ka a bayan labule, ba ka ji ba. Na roƙe ka a waya, ka yi dariya. Yau ga ni a bakin ƙofa. Ka shigo ka sha ruwa, gidan ɗan'uwanka ne. Amma wannan ƙofar ba mai wucewa."

Bai shigo ba. Ya sa aka sauke kayan abincin a kan matakala, ya ja motarsa. Wannan ita ce korar da kuke ba da labari. Babu tsintsiya, Abba, babu zagi. Na ce ya shigo ya sha ruwa.

Kafin Juma'a magana ta zaga gari. An ce na karya takaba, an ce na kira wa ƙanin mijina 'yan sanda, har da masu cewa sun ga motarsu. Matan da na yi wa girkin suna da na biki suka rage kirana. Hajiya Mariyama kaɗai ta zo, ta zauna ta ce ita ma ranar gayyar ta ji ni sarai, ta dai ɗauka zafin mutuwa ne. Na je wurin liman bayan na fita takaba na faɗa masa komai, ya ce fitar da na yi ba ta ɓata min komai ba, amma in nemi sulhu. Ban ƙi sulhu ba. Sai dai a lokacin layin kicin yana ta zubar da ganye, reshe bayan reshe yana bushewa, kafin tsakiyar zafi ya mutu murus. Da hannuna na tone kututturan, itatuwan da Malam ya gwada tazararsu da ƙafarsa.

Yanzu na zo wurin da ya fi min wuya, kuma saboda ke nake rubuta shi, Nafisa. A ƙarshen shekarar aka sa ranar aurenki. Baffanki ne waliyyinki, shi ya kamata ya zauna a gaban jama'a ya ba da ke, kuma tun kina ƙarama yake cewa shi zai yi. Ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba. Kin zo kin durƙusa a gabana kina kuka, kina cewa in je kawai in ce na yi kuskure, kalma ɗaya ce. Na je. Ba ki sani ba, domin ban faɗa miki ba, amma na ɗauki goro da dabino na je har gidansa, na zauna a ƙasa a falon matar da na yi wa jego. Na ce ya yafe min duk abin da ya ɓata masa rai, na ce ya dubi marainiya. Ya ce ya ji, amma a gaban dattawa aka ci masa mutunci, saboda haka a gabansu zan tsaya in ce ba na cikin hayyacina ranar nan, baƙin ciki ne ya sa ni. Nan na tsaya. Zan iya cewa ya yi haƙuri sau dubu. Amma in tsaya a gaban maza in ce ba ni da hankali ranar da na fi kowace rana sanin abin da nake yi, in tabbatar musu da abin da suka yi ta faɗa tun ina kan tabarma, wannan ban iya ba. Na tashi na yi musu sallama.

Yayanki ne ya ba da aurenki. Na ga yadda kika dinga duban ƙofar zauren har aka shafa fatiha. Na san abin da na jawo miki, kuma ciwonsa yana nan tare da ni har yau. Amma wanda ya ɗora auren marainiya a kan sai uwarta ta ƙaryata kanta, shi ya kamata ki tambaya, ba ni ba. Shekaru sun wuce, muna gaisawa da shi a filin Idi, ya ce Hajiya, in ce Alhaji. Ba wanda ya ƙara kirana matarsa, kuma ina kewar wannan fiye da yadda kuke zato.

Layin jikin shinge bai mutu duka ba. Wasu sun tafi, wasu sun yi ja sun tsaya a haka ina ta wanke su. Wata safiya na fita da farantin, na ɗaga wani ganye sai ga ɗan mummunan abin nan mai kaushin baya yana tafe a hankali yana kiwo. Na duba na kusa da shi, ga wani, ga kuma 'yan baƙaƙen nan kamar kan allura. Ta ƙarƙashin shinge suka shigo, daga filin ɗaliban nan da Alhaji yake cewa a kai ƙararsu hukuma saboda ƙazanta. Na zauna a ƙasa a wurin na yi kukan da ban samu yi ba a kan tabarma. Itatuwan da suka rage su ne kuke gani yau, sun fi ni tsawo. Daga jikinsu nake cika kwalbar da nake ba kowannenku da azumi, wadda na san Abba a kabad yake ajiye tasa bai taɓa buɗewa ba. Kowace shekara nakan aika da kwalba ɗaya gidan Baffanku. Ba a taɓa dawo min da ita ba, ba a kuma taɓa cewa an gani ba.

To ga abin da nake so, kuma na rubuta shi ne don kada a ce ba a ji ba. Ranar da tawa ta zo za a taru a gidan nan, mata za su karɓe kicin, maza za su nemi inda za a kafa rumfa, wani mai son alheri zai leƙa baya ya ce wurin nan yana son shara. A ranar ba ni da bakin roƙo, ba ni da ƙafar fita. Ku share falo, ku share ɗakuna, ku wanke har bangon gaba idan kuna so. Amma ɗayanku ya je ya tsaya a jikin ƙofar lambun nan ya riƙe ta ta baya. Nafisa, ke nake nufi.